Ranar da Kaka ta ƙi fita daga mota

A gidanmu na Kaura Namoda, idan aka idar da sallar magariba, mu yara madafar Kaka muke nufa. Ita ce mahaifiyar Babanmu. Takan zauna gaban murhu tana juya masara a kan garwashi, mu kuma mu kewaye ta muna jiran tatsuniya. Amma a daminar da ta biyo bayan ƙaddamar da Shari'a, manya suka ƙwace mana hirar.

Baba direba ne, yana jigila da tsohuwar fijo tsakanin Kaura da Gusau, kuma tun da aka ba mu jiha fasinja ba ya yanke masa. Kaka ta roƙe shi abu guda. Idonta ya fara yin hazo, tana so a kai ta wajen Birnin Tsaba, inda aka haife ta, ta ga gero a tsaye kafin a girbe. Ba ziyara ba, ba biki ba. A bi hanya a hankali, ta kalli gonaki, a dawo.

Baba ya ce an gama. Sai ƙanensa, Baffa Sale, ya shigo maganar. Shi a ganinsa tunda za a ƙona mai, a fara bi ta Shinkafi ran kasuwa ya duba awaki, sannan a ɓullo ta Zurmi. Baba ya ce hanyar can ta ci ruwa. Aka koma gardamar ranar tafiya, aka koma ta guzuri. Baffa ya ƙara da cewa yanzu zamani ya canza, a mota maza gaba, mata baya. Kullum a bakin murhun Kaka ake wannan, kullum a tashi ba a yanke komai ba, gero kuwa yana ta nuna.

Wata rana Kaka ta kwankwasa murhu da itace.

"Ɗiyana, ku matso. Ga wata nan tahe, mai kunne shi ji."

Ta ce wai kurege da bushiya da ƙadangare suka ji labarin wata fadama a hayin gulbi, inda shinkafa ta yi kore har ido ba ya ganin ƙarshenta. Suka ce gobe za su je kallo. Kurege ya ce a bi ta gonakin gyaɗa. Bushiya ta ce ita ba ta bin hanyar da ke da ƙaya.

Na ce, "Kaka, bushiya ai jikinta duk ƙaya ne."

"Maigidana, kai shiru. Masu gardama haka suke."

Suka juya wurin ƙadangare ya raba musu. Kurege ya yi magana, ya gyaɗa kai. Bushiya ta yi magana, ya gyaɗa kai. Rana ta faɗi. Washegari aka sake sabuwa: wa zai yi gaba, wa zai ɗauki ruwa. Ran da suka tashi tafiya, suka isa hayin gulbi suka tarar da ƙasa a tsattsage, shanun Fulani na cin tattaka. Kurege ya ce laifin bushiya ne, bushiya ta ce na kurege ne, ƙadangare ya gyaɗa kai.

"Ta ƙare nan. Ku tashi ku ba ni wuri."

Baba ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Inna, ni ne kuregen ko ƙadangaren?" Ta ci gaba da juya masararta. Abin da ya fi ba ni haushi, ko masarar ba su gama ci ba Baffa ya ce, "To amma fa maganar Shinkafi…"

Da asuba Baba ya dawo daga masallaci zai fita aiki, ya tarar da Kaka a kujerar gaba, ta yafa mayafinta na unguwa, butarta a ƙafa. Ni na buɗe mata ƙofar, don haka ina baya na yi tsit.

"Inna, lafiya?"

"Lahiya lau. In Gusau za ka, ka tahi da ni. Ni dai ba ni hita."

Ya lallashe ta, ya ce a bari sai Juma'a. Ta kalli gabanta kawai. Baffa ya fito da asawaki a baki, ya fara maganar wurin zama, ta ce masa, "Ni na haihe ku, ku duka biyu. Shiga baya ko ka koma ɗaki." Ya shiga baya, kusa da ni.

Muka kama hanyar Zurmi ba guzuri, ba shiri. Gero hagu da dama ya fi motar tsawo, dawa ta fara fitar da kai, mata na tsinkar kuɓewa a gefen gona. Kaka ta sa aka sauke gilashi, tana ta ce wa Baba ya rage gudu. Ba mu kai Birnin Tsaba ba taya ta fashe, safayar ma babu iska. Baffa ya tari mai keke ya tafi neman mai faci, Baba na tsaye yana tsaki.

Kaka kuwa ta riƙe kafaɗata muka shiga gonar da ke bakin hanya. Ta janyo zangarniyar gero kusa da fuskarta, ta shafa, ta shinshina. Mai gonar, wani dattijo da bai san mu ba, ya hura wuta ya gasa mana tumu. Sai bayan la'asar aka gyara tayar. Baba ya ce a ƙarasa, ta ce, "A'a, na gani. Mu koma gida."

Damina ta gaba Kaka ba ta iya bambanta fuskokinmu sai da murya.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar nan a matsayin habaici ga Baba da Baffa kawai. Yanzu ina da motata, ina da 'ya'yan da ba su taɓa cin tumu a bakin gona ba. Shekaru na yi ina ce musu za mu je idan na samu hutu, idan an gyara hanya, idan sun ƙara girma. Muna cikin haka 'yan bindiga suka shiga dajin yankin, hanyar da muka bi da tsohuwar fijo ta zama wadda ake bi da addu'a a baki, ba wanda ke tsayawa kallon gero. Kwanan baya ƙaramar 'yata ta sake tambayata yaushe za mu je garin Kaka. Na buɗe baki zan ce mata Juma'a mai zuwa, sai na kasa.