Baba Mati Mai Wutar Ruwan Jego

Da an sallame sallar asuba a Sabuwa, Baba Mati ba ya tsayawa doguwar gaisuwa a ƙofar masallaci. Kai tsaye yake zagawa bayan ƙaramin asibitin haihuwa, inda wani ƙaton duro ke zaune a kan murhun ƙasa, an shafe shi da yumɓu har wuya. Sai ya durƙusa ya tone tokar jiya, ya iske garwashinsa da rai, ya ɗora faskare uku na marke, ya toshe bakin murhun da fasasshen kasko, ya bar 'yar kafa kamar faɗin tafin hannu. Da ruwan duron nan masu jego ke wanka, kuma bututun da ya fito daga cikinsa ne ke ratsa bango ya ɗumama gadon ƙasar da ake kwantar da jarirai. Shekara ashirin da biyu yana wa asibitin nan aiki, sai a watan jiya ya ajiye.

Wanda ya fi kowa sanin aikin nan shi ne wanda ya fi kowa jin haushinsa, wato Gide. Sa'anni ne, kuma aikinsu ɗaya, don Gide ma wutar duro yake hurawa a wani asibiti can wajen Faskari. Sai dai amalanken itacen da Gide ke cinyewa a kwana huɗu, shi ne ke kai Baba Mati mako biyu har da saura. Duk sanda mai duba asibitoci ya zo, maganarsa ɗaya ce: "Gide, ka taɓa zuwa Sabuwa ka ga yadda Mati ke yi?" Ya kuwa je, ba sau ɗaya ba, da sunan ziyara. Ya ga itacen bana ba a ƙona shi sai baɗi. Ya ga an jera shi a kan duwatsu don kada ƙasa ta jiƙa shi, an rufe da zana. Ya koma gida ya gwada, kwana biyu ya gaji, don shi a wurinsa wutar da ba ta ruri ba wuta ba ce. Ƙarshe dai ya riƙa gaya wa mutane wai Mati yana da asirin wuta.

Da arzikin man fetur ya ɓarke a ƙasa, aka aiko wa asibitin Sabuwa injin dafa ruwa mai shan kananzir. Gide aka tura kwas na mako biyu a Kaduna, ya dawo da kaki da takarda, aka kawo shi Sabuwa aka ɗora shi a kan injin, aka mayar da Baba Mati shara da jan ruwa. Ranar Gide har wani ɗage kafaɗa yake. Ya tsaya a kan tarin itacen ya ce, "Wanga icce mi za a yi da shi yanzu? Macizai kawai yake tara muna." Ya ce wa ma'aikata kowa ya ɗiba, kafin Juma'a kashi biyu cikin uku ya tafi. Baba Mati ya gyara wa ragowar zana. Abin da ya hana Gide jin daɗin nasararsa shi ne tsofaffin mata masu rako, waɗanda ke tsoma yatsa a ruwan injin su taɓe baki su ce ba ya ratsa ƙashi kamar na Baba Mati.

A watan Agusta na shekara ta biyu ruwa ya yanke hanya, motar kananzir ta kasa shigowa, injin ya yi sanyi. A makon ne aka kawo Tabita daga wani ƙauye, ta haifi bakwaini, ɗiya mace da ba ta fi 'yar kyanwa ba. Malama Suwaibatu, unguwarzomar asibitin, ta fito ta iske mazan biyu ta ce, "Yarinyar nan in gadon ƙasa ya huce, ta tahi. Ku san yadda za ku yi har hanya ta buɗe." Babu wanda ya san ranar buɗewar. Itacen gari duk ya sha ruwa, na daji kuwa ɗanye ne shar.

Gide ya riga Baba Mati isa murhun, don ba ya son a ce ba shi ba ne. Ya cusa faskare goma sha biyu a lokaci guda, ya buɗe baki warai, wuta ta tashi tana ruri, zafin duk yana bin iska. Baba Mati ya zo ya durƙusa, ya zare tara ɗaya bayan ɗaya ya kashe su a cikin yashi.

"Malam Gide, ba sama za mu ɗumama ba," in ji shi. "Duro za mu ɗumama."

Gide ya ja gefe yana cizon leɓe. Yana kallo tsohon ya liƙe tsagar murhun da sabon yumɓu, ya mayar da kasko, ya jera jiƙaƙƙen itace a jikin duron ya bushe a hankali. Uku da safe, uku da la'asar, ko ɗaya bai ƙara ba. A zuciyarsa Gide ya so lissafin ya kuskure, ya kuma ji kunyar wannan fata, don kukan jaririyar yana jiyo shi ta taga.

Ragowar itacen ta ƙare a kwana na goma sha ɗaya. Da hantsi Gide ya ga jakin Baba Mati ya shigo ta ƙofar baya da busasshen marke, an daidaita tsawonsa kamar an auna. Ya gane shi. Itacen jego ne da tsohon ya yi shekara yana tara wa ɗiyarsa Zulaihatu, wadda cikinta ya tsufa, za ta dawo gida wankan haihuwar fari. Sawu huɗu jakin ya yi. Hanya ta buɗe a kwana na goma sha bakwai, yarinya tana shan nono, gadon ƙasa bai huce ko sau ɗaya ba. Mutane suka ce ai asirin wutar Mati ne, shi bai musa ba, Gide kuma da ya san gaskiya ya ja bakinsa ya tsuke har shekara uku.

Kai ne, Baba Mati, wanda ya ɗauki itacen ɗiyarsa ya kai wa ɗiyar wani. Kai ne aka ƙwace wa murhu aka ba tsintsiya, ka yi sharar kuma ka yi ta da kyau.

Ranar ban kwana, da aka taru a gindin mangwaron asibitin, Gide ya miƙe ba wanda ya kira shi. Ya faɗi labarin jakin tun daga fari, ya faɗi wanda ya rabar da itacen. Sannan ya ce, "Na ɓoye ne don kar a ƙara yabonsa, yabon ya ishe ni. Zulaihatu da karan dawa ta gama wankanta, ni na ja mata. Har yau ina jin kishinsa, ba zan yi ƙarya ba, don na so a ce ni ne na iya, ban kuwa iya ba." Baba Mati ya sunkuyar da kai yana murza hularsa, ya ce a bar maganar, ta wuce.

Mun gode, Baba Mati. Allah ya ba ka hutu mai lafiya, ya sāka maka da abin da mu ba mu iya biya ba. Mu kuma da aka damƙa wa wani abu na jama'a, ko itace ne ko magani ko alli, mu riƙe shi da irin wannan tattali. Wanda kuma ya ga alherin abokin aikinsa, ya faɗa tun mutumin yana bakin aiki, kada ya jira sai ranar da zai tafi gida.