Mai Tuƙin Bayan Zana

Aji uku na yi a lakwal, wato makarantar boko, na gudu, don haka ban iya kwana-kwana ba. Yadda abin ya faru haka zan faɗe shi.

A shekarun da siyasa ta dawo, kowace kusurwa ta Maraɗi da tutar jam'iyya, ni kabu-kabu nake yi. Ma'aikata yau yaji, gobe yaji, ga damina ta yi gardama. Tuta kuwa ba ta cika ciki. Mutanen ƙauye suka riƙa shigowa gari, wasu na kwana a tasha, wasu a gindin shaguna.

A Sabon Gari akwai wata coci da ke dafa tuwo da rana. Duk wanda ya zo ya ci, ba a tambayarsa inda yake sallah. Wata dattijuwa ce ke riƙe da madafar, kowa Inna yake ce mata. Ni nake ɗauko mata zogale daga garkunan Jiratawa. Ran nan na sauke buhu, na tarar mai tuƙa mata ta tafi haihuwa, ita kuma tana kokawa da wata tukunya da za ta iya haɗiye ta ɗungurungum.

Ta ce, "Kai mai babur, wannan damtsen naka na ado ne?"

Na ce, "Inna, ni fa Musulmi ne."

"Muciya ba ta da addini. Kama."

Na kama. Daga ranar, kullum da hantsi nake jingine babur in yi tuƙi, ba ko sisi. Abokan sana'a suka sa ni gaba. In na iso sai ka ji, "Uwargida, yau wace miya?" Na ce su zo su gani, na ga leɓensu ya bushe. Biyu sun zo kuwa, har da neman ƙari.

Matsalar ta zo ne daga Tibiri. Surukina, uban matata, manomi ne da ya taɓa cika rumbu uku. Tun da yunwar ta soma muke aika masa ya dawo wurinmu, yana aiko da cewa lafiya lau, rumbu da saura. Ashe ya shigo gari a ɓoye, yana tufkar igiya a bakin tasha, ba mai saye.

Ina kwasar tuwo da mara na ɗaga kai, sai ga shi a layi, na huɗu daga gaba, da ƙwarya a hannu. Wuyansa ya zama kamar kara. Ya gan ni, na gan shi. Mutumin da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba, yau ni zan zuba masa sadaka. Ya kife ƙwaryar a ƙirji, ya juya ya tafi yana tangaɗi. Ni ma ban iya kiransa ba.

Washegari bai zo ba. Jibi ma haka. Na san muddin ina wurin, gara ya faɗi a bakin tasha da ya dawo. Na gaya wa Inna ko wane ne tsohon, na ce na bar aiki.

Ta ce, "Ka bari wa zai tuƙa? Fasto? Hannunsa ko Littafi ya daɗe da riƙo sai ya yi rawa."

"To Inna, in zauna tsoho ya mutu?"

"Ba wanda zai mutu. Je ka samo mini zana biyu."

Muka kafa zanar tsakanin murhu da layin masu karɓa. Sannan ta yafa mayafi, ta ce in kwatanta mata inda yake zama, ta tafi da ƙafa. Daga baya ta ba ni labarin abin da ta ce masa. Ba ta yi masa ƙarya ba. Ta ce, "Baba, mun kafa zana. Abin da ke bayanta ba ruwanka, abin da ke gabanta ba ruwansa." Ya ci gaba da murza igiya, can ya tambaye ta ƙarfe nawa ake rabo.

Ya dawo. Ban gan shi ba, tarinsa na ji. Ni kuma na shiga uku a bayan zanar nan, ba iska, hayaƙi ya cika mini ido, zufa har cikin wando. Babur ma can nesa nake ajiye shi, kada tsoho ya gani ya rasa inda zai sa idonsa. Amma duk ranar da na ji tarin nan, tuƙin sai ya yi mini sauƙi.

Bayan mako biyu murya ta dawo masa. Ina cikin tuƙi na ji ya ɗaga ta, yadda zana ba za ta tare ba.

"Baiwar Allah, ki gaya wa ko wane ne ke bayan can, tuwonsa da gudaji."

Layi ya kwashe da dariya. Inna ta leƙo ta ce, "Ka dai ji." Na ji kuwa. Tun daga ranar nake barbaɗa gari sannu a hankali.

Da ruwa ya sauka ya koma gona. Da kaka ya aiko wa Inna dami biyu na gero a kan amalanke. Na je Tibiri gaisuwa, na durƙusa na ce, "Baba, ina gajiya?" Ya ce babu, ya tambayi yara. Ba wanda ya ambaci tuwo, har yau.

Na ɓoye wa matata zancen shekara da shekaru, don kada ranta ya ɓaci. Ranar da na gaya mata, dariya ta yi har da hawaye. Ta ce tun a waccan kakar babanta ya faɗa mata. Wai cewa ya yi mijinta ya fi ta hannu a tuwo, gaggawa ce kawai ta yi masa yawa.