Limamin Brooklyn da Ya Ninke Takarda

Ranar Juma'a, muna idar da sallar asuba muka bar unguwar Park Hill, ni da yayana wanda na zo wa ziyara daga Zariya. Bas ta sauke mu bakin ruwa, muka shiga jirgin fito. Da benayen Manhattan suka fara bayyana, na saki baki har shayina ya huce a hannu. Yayana ya yi ta dariya, wai kowane baƙo haka yake yi.

Hantsi ya same mu a teburin da yake sayar da agogo. Wajen sha biyu muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, dala ɗaya da kwata, sai unguwar Larabawa a Brooklyn, ko'ina ƙamshin gurasa da gahawa. Masallacin da za mu yi Juma'a yana saman wani shagon kayan yaji. Ba a daɗe da gama yaƙin Iraƙi da Kuwait ba, amma yayana ya nuna mini mutanen ƙasashen biyu a sahu ɗaya, kafaɗa da kafaɗa.

Liman dattijo ne siriri. Ya yi huɗuba kan adalci, ba takarda a hannunsa, murya ba hayaniya. Na waiga, na ga manyan mutane suna share hawaye.

Bayan salla ya gayyace mu cin shinkafa da naman rago. Da ɗan Larabcina na zaure na tambayi labarinsa.

"Shekara goma sha tara ina limanci a ƙasarmu," ya ce. "Duk Alhamis ma'aikatar addini ke aiko huɗuba cikin ambulan. Wata rana aka rubuto in ce samarin da aka rataye a garinmu sun fita daga Musulunci. Biyu ɗalibaina ne. Na hau mumbari, na ninke takardar, na yi musu addu'a, na sauko."

Shekara shida ya yi a kurkuku.

"Malam, ai yanzu ka huta," na ce.

Sai da ya dubi ƙofa, sannan ya rage murya. "Mahaifiyata tana can."

Bai faɗi sunan ƙasar ba, ni ma ban tambaya ba.

Na dawo Zariya lafiya bayan mako biyu. A da, in na ji ƙasar da gwamnati ke gina masallatai tana biyan limamai albashi, cewa nake addini ya samu gata. Yanzu na san akwai gatan da ke zuwa da takunkumi, kuma na ci abinci kwano ɗaya da mutumin da ya ƙi sawa.