Duwatsun da na ba mai bulo kyauta

Tun ina amarya a Ibohamane na san aikin dutse. Mu ne matan da suka yi ta ɗaukar duwatsu a ka muna jerawa a gindin tudu, domin ruwan sama ya rage gudu ya shiga ƙasa. Har yau tsakar kaina babu gashi. Da mai gidana ya samu aiki a garejin manyan motoci a Madawa, sai muka koma can, unguwar da ba ka jin komai sai ƙarar injin niƙa, ba ka shaƙar komai sai hayaƙin kamyon, motocin ɗaukar kaya, da warin albasa.

Bayan gidanmu akwai wani gangare da aka mai da juji. Na roƙi mai unguwa ya bar mini shi. Na share, na yi jerin duwatsu uku a saman gangaren yadda aka koya mana, na dasa bedi tara, itacen da wasu ke kira dogon yaro. Rani bakwai ina ba su ruwan wanke-wanke. Da suka yi inuwa, tsofaffi suka kawo tabarmi, masu awaki suka kawo turke, har mai shayi ya kafa teburinsa. Wurin kaɗai ne a unguwar mutum zai zauna da rana bai narke ba.

Sai wani Alhaji ya sayi filin da ke ƙasan gangaren ya fara buga bulon siminti. Kamyon ɗinsa ba ya iya juyawa sai an kawar da itatuwana, ga shi 'yan gandun daji ba su yarda a sare ɗanyen itace, sai busasshe. Alhaji ya san doka sarai, bai taɓa ɗaukar gatari ba. Baƙin man da ake juyewa daga injin mota yake tuttulawa a gindinsu, ya rufe da yashi. Cikin shekara guda takwas suka bushe, ya karɓo takarda ya sare. Da na tona na ji warin man, na kai ƙara, aka ce in kawo wanda ya gani. Wa zai ba da shaida a kan mutumin da ya ba masallaci bulo?

Saura guda ɗaya, babban, wanda na fara dasawa. Na tsani mutumin nan, ba zan ɓoye ba. In na gama salla nakan yi wa kowa addu'a in tsallake shi.

Ana gab da damina ya zo ƙofar gidana da kansa, yana murmushi. Wai yana son duwatsun nan nawa da ba su da amfani, zai yi harsashin ɗakin ajiya. Na dube shi. Ɗan birni ne, tsammaninsa ado na yi da su. Bai san duk ruwan da ke gangarowa daga tudun unguwa a kansu yake karya gwiwa ba. Na san abin da zai faru, na kuma san ruwan zai bi ta gindin bedina kafin ya kai gare shi. Zuciyata ta fara ja baya, sai warin baƙin man nan ya dawo mini a hanci.

Na ce, "Ɗebi, Alhaji. Mi a dutse tsakanin maƙwabta? Hwara da na bisa, sun hi girma."

Kwana biyu amalanken jaki yana jigila, ni kuwa ina zaune a inuwa ina tsince wake. Har godiya ya aiko mini da goro, na kuwa ci.

Ruwan farko ya sauko bayan azahar. Ina tsaye a zaure na ga jan ruwa ya taho babu abin da ya tare shi, ya faɗa filin Alhaji. Ɗanyen bulon da ya shanya ya koma kunu, buhunan siminti suka sha suka daskare, harsashin da aka yi da duwatsuna ya zube. Shi ko yana ta kai da kawo cikin taɓo, babbar riga a wuya, takalmi ɗaya a ƙafa. Na yi dariya har da riƙe ciki.

Ban gama dariyar ba bedina ya karkata. Ruwan ya kwashe ƙasar gindinsa, saiwoyi suka fito, ya kwanta a hankali a kan katangar Alhaji ya rushe ta. Baƙin mai bai kashe shi ba, ni na kashe shi. Na yi kuka ranar, amma ko a cikin kukan ban ce da na sani ba.

Itacen na faskara shi na yi girki da shi har ya ƙare, ko tsinke bai shiga hannun Alhaji ba. Na sake dasa tara a can gefe, inda ruwa ba ya bi, na kewaye su da ƙaya. Duwatsu kam ban mayar ba, kuma ba zan mayar ba. Mai gidana yana ta cewa in bar wa Allah. Na bar masa, amma duk ranar da hadari ya haɗu a gabas, sai in yafa gyale in leƙa ta karyayyar katangar in gaishe da mai bulo.

"Alhaji, ina gajiya? Awa dai za a yi ruwa yau."