Ranar da Baba Ya Cika Tamanin

Shekara ashirin da shida mahaifina ya yi yana tuƙa motar wani kamfanin kai kaya gida-gida, amma a duk unguwannin da yake zagayawa da wuya ka sami wanda ya san sunansa na yanka. Hannu-da-Hannu suke ce masa. Ya sami sunan ne saboda wata ɗabi'a da ta daɗe tana ba manajoji haushi: ba ya ajiye kaya a bakin ƙofa. Sai ya ƙwanƙwasa, ya jira, ya ga mai kayan da idonsa, ya damƙa masa. In aka ce mutum yana wanka, Baba zai jingina da bango har ya fito. Yakan ce kwali bai isa ba sai ya ji ɗumin hannu.

Ni ce autarsa, ni ce kuma mai baki a gidan. Na faɗi haka tun yanzu domin bakin nan nawa yana da kasonsa a abin da ya faru.

Tun ina ƙarama na san siton reshensu: dogon rufin kwano, ƙaton sikeli a bakin ƙofa, warin kwali da man inji. A lokacin motoci goma sha biyu ke fita kowace safiya. Cikin masu kawo musu aiki akwai wani ɗan kanti da ke sayar da kaya ta intanet, kwali biyar ko shida a mako, har direbobi na yi masa dariya wai wa zai sayi takalmin da bai gwada ba. Ɗan hakin da ka raina ke nan. Kafin a ankara rabin lodin kowace mota nasa ne. Da ya yi ƙarfi sai ya sayi nasa motocin da baburan, ya janye kayansa, ya kuma fara kai na wasu a farashin da kamfanin su Baba ba zai iya ba. Rassa suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya. Ni kaina a kantin nake sayayya ta waya, ina ɓoye kwalayen a ƙarƙashin gado don kada Baba ya gani.

Wata safiya manaja ya tara su, mutum talatin da ɗaya, ya ce hedikwata ta ba reshen wata uku. Kowane direba sai ya kai kwali tamanin a rana. An raba musu wayoyi masu ƙirga minti: ka ajiye a ƙofa, ka ɗauki hoto, ka wuce. In lissafin reshen bai kai ba, za a rufe shi.

Matasan direbobi suka kai tamanin ɗin cikin mako guda. Baba kuwa ranar da ya yi ƙoƙari shi ne hamsin. Aka kafa allo a jikin bango, sunansa kullum a ƙasa. Dogo, abokinsa na shekara ashirin, ya tare shi a bakin sikeli.

"Haba, mutumina," in ji Dogo. "Wake ɗaya ke ɓata gari, kuma wallahi ba na so ya zama kai ne. Yara bakwai gare ni."

Baba ya dawo gida ya zauna bai cire takalmi ba.

A cikin mutanen layinsa akwai wani tsoho da ake kira Mai Agogo, domin gyaran agogo ya yi har idonsa ya gaza. Shi kaɗai yake zaune a hawa na uku na wani tsohon bene. 'Yarsa da ke aure a gari mai nisa ce ke aiko masa da magani kowane wata. Gwiwoyinsa sun mutu, daga kujera zuwa ƙofa sai ya ci minti huɗu yana jan sanda. Baba yakan tsaya yana sauraron sandar. In an buɗe ya shiga, ya murɗe masa murfin kwalbar domin yatsun tsohon ba sa iyawa, ya ba agogon bango wani don kada ya tsaya.

"Yaya, mai gyaran agogo amma kullum a makare," Baba yakan ce.

"Ƙanena, wanda ya san cikin agogo ba ya tsoronsa," in ji tsohon.

Mun san wannan wasan nasu a gida kamar da mu ake yi.

Saura mako biyu wa'adin ya cika na buɗe baki. Muna cin abinci, Umma tana yi mini ido, ban kula ba.

"Baba, tsakani da Allah, kai ne ka haifi mutanen nan? An ce ka ajiye ka wuce, ka ajiye mana! In kiɗa ya canza rawa ma canzawa take. Mutum talatin za su rasa abinci saboda kai kana son gaisuwa?"

Bai yi fushi ba, da ma ya yi. Ya ɗauko wayar aikin ya miƙo mini.

"To, Auta, nuna mini yadda ake hoton."

Na nuna masa a ƙofar ɗakinmu da kwalin sabulu, sau uku, har da yi masa tsiya cewa yatsansa ya rufe rabin hoton.

Ranar Laraba ya fita da niyya. Bai ƙwanƙwasa ƙofar kowa ba. Wajen azahar ya hau benen Mai Agogo da kwalin magani. Daga baya ya gaya mana ya ji rediyo na magana a ciki, har ya ɗaga hannu zai buga, sai wayar ta yi ƙara alamar mintinsa ya cika. Ya ce a ransa tsohon zai fito ya gani. Ya ajiye, ya ɗauki hoto, ya sauka. Hoton ya yi masa kyau har ya turo mini. Na amsa masa da "Yauwa Baba!"

A ranar ya kai tamanin da ɗaya. Direbobi suka tafa masa a sito, Dogo ya ɗaga shi sama. Ya dawo gida ya ce kansa na ciwo, bai ci komai ba.

Ranar Juma'a wani kwalin ya sake kai shi benen, hawa na biyu. Bai iya sauka ba sai da ya leƙa na uku. Kwalin maganin yana nan inda ya ajiye shi, rediyon kuma bai daina magana ba. Ya buga, ya buga, ya jira sandar. Shi da maƙwabci suka ɓalle ƙofar. A ƙasan kicin suka same shi, sandar ta yi nisa da hannunsa.

Likitan da ya zo, Allah ya yafe masa sakin baki, ya ce da alama tun safiyar Laraba tsohon ya faɗi ya karya ƙugu, amma bai cika ba sai Alhamis. A gaban Baba ya faɗa. Ke nan lokacin da Baba ya tsaya a ƙofar da hannu a ɗage, Mai Agogo yana ciki da ransa, kuma ya san ranar magani ce, ya san wanda zai zo.

Reshen ya cika lissafinsa, aka kuma rufe shi. Ashe tun kafin a ba su wa'adin hedikwata ta gama cinikin siton, kuma kantin intanet ɗin ne ya saya. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan: da tamanin da hamsin duk ɗaya ne. Dogo yana tuƙa musu mota yanzu. Baba ma sun neme shi, ya ce ya gode.

Ya mayar da wayar aiki, amma hoton yana cikin tawa. Kwali fari, ƙofa ruwan ƙasa, inuwar Baba a jikin bango. Na kasa gogewa, na kasa kallo. Bai taɓa ce mini ke ce sanadi ba, ko sau ɗaya, kuma shirun nan ya fi mini zagi ciwo.

Yanzu yana yini a kujera a bakin ƙofarmu. In ɗan babur ya zo ya jefar da kwali a ƙofar wani maƙwabci ya ɗauki hoto ya wuce, Baba yakan tashi a hankali ya tsallaka titi. Ya ɗauki kwalin ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne, ya jira. Wasu na godiya, wasu na raɗa cewa tsufa ya fara taɓa shi. Jiya ya yi kusan awa guda a ƙofar wasu da suka yi tafiya, rana na dukansa, kwalin a ƙirjinsa. Umma ta ce in je in kira shi, ai ni yake jin maganata. Na ce mata na sani, shi ya sa ba zan je ba.