Ranar da Masembe Ya Ci Fara

A garinmu Masaka, in lokacin fara ya zo, kowa bakinsa maiƙo yake yi, ban da Teopista. Ita 'yar dangin fara ce, kuma a wurinmu mutum ba ya cin abin da danginsa ke amsa sunansa. Ni Gorreti, mai girki a gidan marayun da muke aiki tare, nakan soya tawa da albasa in zauna dab da ita don tsokana.

"Maama Teo, ga kakanninki sun soyu, ba za ki gaishe su ba?"

"Ci abinki, 'yar nema. Ranar da na sami biri, a ƙofar ɗakinki zan gasa shi."

Namu dangin na biri ne, shi ya sa.

Teopista ta yi aure, haihuwa ba ta zo ba, mijin ya rasu, sai ta kama aikin raino. Dokar gidan ita ce, jaririn da aka tsinta sunan coci kawai ake sa masa. Sunan dangi ba a bayarwa, domin wanda ka ba sunan danginku ya zama naku. Babu mai riƙe dokar nan kamar Teopista. Duk sabuwar mai raino sai ta ja mata kunne: "Baƙi ne. A baya ake goya su, ba a zuci ba."

Sai aka kawo wani yaro daga gonar ayaba, tururuwa ta ciccije masa wuya. Aka sa masa Paulo. Ya ƙi karɓar madara a hannun kowa sai nata. Wata rana ina ɓare ayabar dafuwa, na ji ta a bayan madafa tana lallashi.

"Masembe, Babana, shanye mana."

Na ajiye wuƙar. "Me na ji?"

"Kunnenki ne ke ƙaiƙayi."

"Sunan mahaifinki kika ba shi, Teo?"

"Dubi goshin nan, Gorreti. Don Allah dubi goshin."

Goshi dai kamar na kowane jariri. Ban faɗa wa kowa ba, sunan ya zauna tsakaninmu mu biyu.

Da ya fara tafiya, wasu Turawa mata da miji suka karɓi riƙonsa. Declan mai haƙa rijiyoyin burtsatse ne, matarsa Orla malamar makaranta, 'yan ƙasar Ayalan, sun daɗe a garin har Orla tana jin harshenmu kaɗan-kaɗan. Teopista ce ta haɗa masa kaya da hannunta, ba ta yi kuka ba, tunda gidansu bai fi hawan acaɓa ɗaya ba. Duk Lahadi in an tashi daga coci tana can, da nonon ayaba a ƙunshe cikin zane.

Bayan shekara aikin Declan ya ƙare. Hanya ta zama biyu: ko su zauna ya nemi wani abin yi su raini yaron a nan, ko su gama takardun riƙonsa a kotu su tafi da shi ƙasarsu. Declan yana son tafiya, mahaifiyarsa ta tsufa. Orla ta kasa tsayar da magana. Suka aiko mu zo, lokacin kuwa fara ta cika gari.

Mun durƙusa mun gaisa ke nan, sai ga yaron da gudu, bakinsa dama-dama da mai, hannunsa cike da soyayyar fara.

"Maama Teo, kin ga ɗan Masaka na gaske!" in ji Orla, tana ta murna. "Ni na soya da kaina. Ina so ya san abincin ƙasarsa."

Yaron ya miƙa wa Teopista guda ɗaya. "Anti, ci!"

Ta kama ɗan hannun ta rufe shi da nata. "Na ƙoshi, Paulo."

Ban taɓa jin ta kira shi da wannan sunan ba sai ranar.

Orla ta zauna a tabarma kusa da ita. "Maama, ke kika fi kowa saninsa. Ni da mijina mun yi gardama har mun gaji. Na ce masa in yaron nan yana da wani nasa a ƙasar nan, ko mutum ɗaya, ba za mu tafi ba, ko da wahala za mu sha. Yana da wani?"

Declan yana tsaye a bakin ƙofa, ƙasa yake kallo. Na zunguri Teopista da gwiwar hannu. Ita yaron take kallo, ya haye cinyar Orla yana goge bakinsa da rigarta, yana ce mata Mama.

"Ba shi da kowa sai ku," in ji ta.

A hanya ta ƙi hawa acaɓa, muka taka da ƙafa. Ni kuwa bakina ya ƙi rufuwa.

"Kalma ɗaya, Teo! Ki ce mata ke ce goggonsa, shi ke nan!"

"Goggo a gaban wa? 'Yan'uwana ba su san da shi ba. Gidan aiki ba su san na karya doka ba."

"Da kin faɗa, da matar nan ta zauna."

"Da ta zauna. Mijin fa? Kin ga fuskarsa? Kullum ya dubi yaron zai tuna uwarsa da ya bari a can. Ni ba zan shuka wa Babana wannan a gida ba." Ta tsaya ta gyara ɗaurin zanenta. "Kuma ya ci, Gorreti. Duk zuwan da nake yi, kunya ta hana ni in ce kada a ba shi. Wadda ta kasa hana ɗanta cin danginsa, ita ce za ta tsayar da jirgi?"

Ranar tafiyarsu ba ta je rakiya ba, ta ce wanki ya yi mata yawa. Har yanzu tana aikin. Sabbin masu raino dai sun daina jin huɗubar goyo, in sun yi kuskure kallonsu kawai take yi.

Da shekara ta zagayo, Orla ta turo hoto ta wayata. Yaron ya yi tsawo, an naɗe shi cikin rigar sanyi, kunnuwansa ma ba a gani. Teopista ta daɗe riƙe da wayar.

"Gorreti, ke da kika san komai. A can akwai fara?"

"Da wannan sanyin? Ko ɗaya babu."

Ta shafa goshin da babban yatsanta.

"To, mun gode Allah. Sau ɗaya ya ci, kuma bai sani ba."