Faifan da Inna Ta Turara

Wata Asabar na ɗauki hutu daga ofishin jigilar kaya da nake aiki a Al Ras, nan ƙasar Larabawa, na hau bas zuwa Al Warsan. An ce mini akwai wani dattijo da ya mai da sito gidan ajiyar tsofaffin kwamfutoci, ana shiga kallo. Ni ba kallo ya kai ni ba. A aljihuna akwai fulofi, faifan nan mai kusurwa huɗu da yaran yanzu ba su sani ba.

Lokacin da nake koyon buga takardu a Kano, Baba ya zo shagon da nake koyo ya zauna, ya lissafo mini kakanninmu har goma sha ɗaya, da garuruwan da suka zauna, ina bugawa a kwamfuta, na adana a wannan faifan. Na ce gobe zan fitar masa a takarda. Gobe ta Allah ce, ni kuwa malalaci ne. Baba ya rasu ban fitar ba. Na ba Inna faifan, ta sa a akwatin da take ajiye takardun gida da kayan sallarta. Sai bara na karɓo.

Da na isa siton, injinan suna jere, sun yi jajur don tsufa. Irin kwamfutar da na koyi aiki da ita tana bayan gilashi. Raina ya ɓaci, sai na ji kamar ni aka ajiye a wurin.

Dattijon ya yarda ya gwada mini. Injin ya yi gurnani, ya yi shiru. Sau uku. Ya zaro faifan, ya ja ƙarfen bakinsa, ya shinshina.

"Habibi, a ina aka ajiye wannan?"

Na gaya masa. Duk Juma'a Inna kan buɗe akwatin ta turara shi da turaren wuta, don abu mai daraja ba a barinsa da warin ajiya. Shekara ashirin da wani abu hayaƙi mai maiƙo yana kwanciya a kai.

"Khalas," ya ce, wato ya gama aiki, ya miƙo mini da hannu biyu.

Wa zan yi wa faɗa? Inna ta yi iyakar abin da ta sani.

A bas ina komawa masaukina a Al Nahda na fara ƙirga kakannin da yatsa. Baba, kakana, mahaifinsa, sai wani da nake zaton maƙeri ne. A na huɗu na tsaya, kuma babu sauran wanda zan tambaya.